Laraba a Kano, tsakanin Makurɗi da Kainji

Yau ba mu tashi ba. Hazo ya rufe Kano tun asuba, daga inda ake ajiye jiragen horo na L-39 ko ƙarshen titin jirgi ba a hange. Sai muka zauna a ɗakin matuƙa muna shan shayi, hira ta koma inda ta saba komawa tun da horonmu ya zo ƙarshe: wane jirgi za a ba kowa.

Mu dai namu faɗar ra'ayi ne, rundunar sojin saman Najeriya ce ke yanke hukunci. Amma hakan bai hana mu gardama ba. Ni tun ina Kaduna ina koyon tuƙi a ƙaramin jirgin horo na Super Mushshak zuciyata ke kan jirgin yaƙi na JF-17. Ranar da aka ƙaddamar da guda uku a Makurɗi a 2021, sau nawa na kalli bidiyon ban sani ba. Jirgin da ya fi sauti gudu, wa zai ƙi?

Abokina da muke ɗaki ɗaya lissafinsa daban. Jirgin ɗaukar kaya na C-130 yake so, a Legas. Ya ce ranar da ya ajiye kaki, kamfanonin jiragen fasinja za su fi duba sa'o'in da ya yi a babban jirgi mai injuna da yawa, kuma burinsa wata rana ya ɗauki alhazai daga wannan filin na Malam Aminu Kano zuwa Jidda. Ban ga laifinsa ba, shi ne babba a gidansu.

Bayan azahar malaminmu ya same ni ni kaɗai. Shekaru ya yi yana tuƙa jirgin yaƙi na Alpha Jet a Arewa maso Gabas. Ya tambaye ni abin da nake so, na ce, "JF-17, Yallaɓai." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce in yi tunanin jirgin yaƙi na A-29 Super Tucano a Kainji. Na ji ba daɗi, don jirgi ne mai farfela. Ya ce mini gudu yana da ranarsa, amma yaƙin da ke gabanmu na daji ne. Mai gudu yana wucewa kamar walƙiya, man jirgi kuma yana saurin ƙare masa. Tucano kuwa sai ya yi sa'o'i yana shawagi a kan wuri ɗaya, kyamararsa na kallon ƙasa dare da rana, har ka tabbatar ko ayarin babura ne na 'yan bindiga ko mutanen ƙauye ne suka dawo daga kasuwa.

Maganar nan ta zauna mini. Ƙauyenmu na kusa da daji, na san yadda mata ke kwashe yara idan an ji ƙarar jirgi. Ban taɓa jin tsoron a harbo ni kamar yadda nake tsoron in saki bam a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Da magariba na kira Umma. Ita roƙonta ɗaya, in zaɓi na ɗaukar kaya. Na ce, "Umma, ki dai sa ni a addu'a." Ta ce kullum tana yi.

Na yi istihara bayan isha. Gobe idan hazon ya ɗaga muna da tashi ƙarfe takwas, kuma kafin nan zan je in gaya wa malam cewa Kainji nake so.