Godiya bayan zaman tunawa da Vinicius de Moraes

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdu lillahi, zaman da muka yi daren Asabar a nan birnin Salvador na Barazil don tunawa da shahararren mawaƙin Barazil Vinicius de Moraes ya tashi lafiya. A madadin ɗalibanmu na Najeriya da Nijar da suka shirya shi, muna godiya ƙwarai.

Babbar godiya ga malamar adabi da ta ba mu lokacinta ba ko sisi. Yawancinmu mun je ne da sanin "Garota de Ipanema" kaɗai, waƙar da ya rubuta da makaɗi Tom Jobim a 1962. Malamar ce ta buɗe mana ido cewa mutumin nan, da aka haifa a Rio a 1913, jami'in diflomasiyya ne da ya yi aiki a Los Angeles da Paris kafin gwamnatin soja ta sallame shi a 1969. Sai a 2010, shekara 30 bayan rasuwarsa, aka ɗaga shi zuwa matsayin jakada. Da ta karanta waƙarsa "Rosa de Hiroshima" kuwa, a kan yaran da bam ɗin nukiliya ya nakasa, wata 'yar'uwarmu kasa ƙarasa fassarar ta yi, sai wani ya karɓe ta.

Mun gode wa mai jitar da ya kaɗa mana waƙoƙin Afro-sambas, waɗanda Vinicius ya yi da makaɗin jita ɗan Barazil Baden Powell a 1966. 'Yan'uwanmu Yarabawa suna jin sunan Xangô suka ce ai wannan Sango ɗinsu ne, aka yi ta raha.

Baba, kai ma mun gode. Kai ka tashi ka ce kada daɗin baiti ya sa a rufe ido kan aurensa tara da shan giyar da bai taɓa ɓoyewa ba. Wasu sun ji zafin maganar, amma ni a ganina ita ta sa zaman ya yi armashi, don sai bayanta aka daina yabo zalla aka shiga muhawara.

Hajiya da ta ɗauki nauyin waina da zoɓo, Allah ya ƙara buɗi. Samarin da suka kwashe kujeru cikin ruwan sama, Allah ya yi muku albarka.

Wanda ya bar baƙar laima da cajar waya a ɗakin taron, suna wurina. Allah ya saka wa kowa da alheri.