Farkon Kaka a Gaɓar Hatteras: Titi Ɗaya Tsakanin Ruwa Biyu

Tsibiran Outer Banks da ke gaɓar jihar Karolina ta Arewa a Amurka sirirai ne, rairayi zalla, sun miƙe tsakanin ruwa biyu. Ta gabas Tekun Atlantika, ta yamma, a yankin Hatteras, wani makeken ruwa marar zurfi da ake kira Pamlico. Daga garin Nags Head zuwa kudu titi ɗaya ne tak ya ratsa su, mai lamba 12. A tsakiyar watan Satumba na bi shi daga garin Nags Head zuwa ƙauyen Hatteras, tafiyar kilomita 95 ko kusa da haka, da niyyar in hau jirgin fito zuwa tsibirin Ocracoke.

Duk wanda ya dubi hasashen wannan lokaci a wayarsa zai ce babu watan da ya kai shi daɗi, kuma bai yi ƙarya ba. Da rana zafi yakan tsaya wajen digiri 27, da dare ya sauka zuwa 21, ruwan teku kuma yana nan da ɗuminsa. Dalili shi ne ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa, don haka tudu yakan fara sanyi alhali teku na riƙe da zafin da ya tara tun Yuli. Ga kuma kwararar ruwan ɗumi ta Gulf Stream da ke wucewa dab da wannan gaɓa. Sai dai wannan ɗumi shi ne abincin guguwa. Mahaukaciyar guguwa tana samun ƙarfi ne idan saman teku ya kai digiri 26.5, shi ya sa lokacinta, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, yake kaiwa ƙololuwa wajen 10 ga Satumba. Da yawa daga cikin manyan guguwoyin wannan wata daga hadarin da ke fita ta gaɓar Afirka ta Yamma suke tasowa, su wuce tsibiran Kef Bade, su yi sama da mako guda suna ƙetaro teku.

Ranar da na tashi daga Nags Head sararin sama tas yake, babu ko ƙyallin gajimare, amma jajayen tutoci ne a kafe a bakin ruwa, alamar an hana iyo. Akwai guguwa can tsakiyar teku, nesa ƙwarai, wadda ba ta da niyyar zuwa tudu. Igiyoyinta ne suka iso. Hasashen masu jiragen ruwa yana kawo lambobi biyu game da igiya: tsayinta, da daƙiƙoƙin da ke tsakanin wata da wata. Baƙo tsayin kawai yake dubawa, alhali ta biyun ce mai magana. Tazarar daƙiƙa 6 ko 7 igiyar iskar kusa ce, ba ta da nauyi. Idan ta kai 12 zuwa sama, daga nesa ta taso, kuma ruwan da take turowa tudu ya ninka abin da ido ke gani. Ruwan nan dole ya koma, sai ya sami wata tsaga a tudun rairayin da ke ƙarƙashi ya fice da gudu, gudun da wani lokaci yakan wuce mita 2 a daƙiƙa. Na tsaya a kan tudu na ga irin wannan mafita: wani siririn layi mai duhu, inda igiya ba ta fashewa, kumfa da ciyayi suna tafiya ciki maimakon waje. Ya fi ko'ina kama da wuri mai lafiya, kuma nan ne yake cin mutane. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi. Ya yi iyo ta gefe, daidai da yadda gaɓa ta miƙe, ko ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu a gan shi.

Bayan na haye gadar Basnight, wadda aka buɗe a 2019 a kan mashigin Oregon, sai tsibirin Hatteras ya tsuke har kana ganin ruwa dama da hagu. A nan na ga manyan motocin ture ƙasa a ajiye gefen titi, da tarin rairayi jiƙaƙƙe da aka kwashe daga kan kwalta. Abu uku ne ke haɗuwa teku ya hau titin: doguwar igiya, iskar arewa maso gabas, da cikar teku. Teku yana cika sau biyu a rana, tazarar awa 12 da minti 25, saboda haka lokacin cikar yana yin jinkiri da kusan minti 50 kullum. Cikar ta fi tsanani a sabon wata da kuma daren sha huɗu, ta kaka kuwa ta fi ta sauran shekara. Mai bin wannan hanya ya buɗe jadawalin cikar teku kafin ya tayar da mota, ya auna tafiyarsa ta faɗo lokacin da ruwa ya janye. Idan ya tarar da ruwa a kan titi ya jira, domin ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 30 ba yana iya ɗaga ƙaramar mota, kuma ba ka san ko ya riga ya cinye kwaltar da ke ƙarƙashi ba. Motar da ta taka ruwan gishiri a wanke ƙarƙashinta da ruwan daɗi a ranar, in ba haka ba tsatsa za ta ci bututun burki. A arewacin ƙauyen Rodanthe teku ya sha yanke titin, har da abin da guguwar Irene ta yi a 2011, daga baya aka gina wata gada da ta kewaye wurin ta cikin Pamlico, aka buɗe ta a 2022.

A ƙauyen Buxton na tsaya wajen hasumiyar fitilar Hatteras, mai zanen baƙi da fari, tsayinta kusan mita 60. An gina ta a 1870, amma teku ya yi ta cin gaɓa har a 1999 aka ɗauke ta sukutum aka matsar da ita kusan mita 880.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke karanta taswirar da Cibiyar Lura da Guguwa ta Ƙasa da ke Miyami take fitarwa duk bayan awa shida. Farin zanen da ke buɗewa gaba yana nuna inda tsakiyar guguwar za ta iya bi ne kawai, kuma an tsara shi yadda tsakiyar za ta kasance a cikinsa kamar sau biyu cikin uku. Bai nuna faɗin guguwar ba, bai nuna ruwan da za ta zubar ba. Mutum sai ya ga garinsa yana wajen layi ya kwanta barci. Haka nan matakin guguwa, daga 1 zuwa 5, iska kaɗai yake aunawa, yana farawa daga kilomita 119 a awa. Guguwar Florence a mataki na 1 ta sauka kusa da garin Wrightsville Beach da ke kudancin jihar ranar 14 ga Satumba 2018, amma da ta tsaya tana jan ƙafa sai da ta zubar da ruwan da ya haura santimita 75 a wasu wurare. Sanarwa iri biyu ce: ta a zauna cikin shiri tana fitowa awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, ta gargaɗi kuma awa 36. A tsibiri mai titi ɗaya, ta farkon ita ce lokacin fita.

Tsakanin ƙauyen Frisco da ƙauyen Hatteras akwai wurin da guguwar Isabel ta tsaga tsibirin gida biyu ranar 18 ga Satumba 2003, ta bar ƙauyen babu hanyar mota na tsawon makonni. Na isa ƙauyen Hatteras da yamma, iskar kudu maso yamma na kaɗawa, jiki na naso. Cikin dare hadari ya taso da tsawa, da asuba iska ta juya arewa maso gabas, gari ya yi sanyi, sama ta washe. Haka tafiyar iskar sanyi ta farkon kaka take, kuma daga nan zuwa Oktoba ƙara yawaita take yi. Ruwan saman yakan wuce cikin 'yan awoyi, amma iskar da ke biyo baya tana iya yin kwana biyu ko uku ba ta lafa ba, ita ce kuma ke hana ƙananan jirage fita. Jirgin fiton ma bai tashi da safen ba, domin ruwa ya hau titin a arewacin Ocracoke, inda yake sauke motoci. Sai da teku ya janye aka share hanya sannan aka kira mu.

Tsallakawar kusan awa guda ce, jirgin na bin wata karkatacciyar hanya tsakanin alamomi saboda rairayin ƙasa ba ya zama wuri ɗaya. A ƙauyen Ocracoke na ga gidaje da yawa an ɗaga su bisa dogayen ginshiƙai, kuma ruwan da ya sa aka yi haka ta baya ya zo. Ranar 6 ga Satumba 2019 guguwar Dorian ta fara tura ruwan Pamlico nesa da tsibirin, da tsakiyarta ta wuce iska ta juya, ruwan ya dawo gaba ɗaya kamar ruwan faranti idan an karkata shi, ya hau kusan mita 2 cikin ɗan lokaci. Saboda haka mai neman masauki a nan a farkon kaka ya tambayi tsayin wurin daga ruwan Pamlico, ya san inda zai kai motarsa kan tudu, ya cika tankin mai tun ranar da ya iso, kada kuma ya sa jirginsa na sama a ranar da zai bar tsibirin. Ya bar tazarar kwana ɗaya ko biyu, domin idan fito ya tsaya babu gadar da za ta fitar da shi.