Kafin ka sayi sabon injin ɗumama gida, toshe inda ɗumi ke zurarewa

Sana'armu ita ce gyaran gidajen karkara domin su riƙe ɗumi a lokacin sanyi. Yawancin gidajen nan tsofaffi ne, su kaɗai a fili iska na dukan su ta kowace kusurwa, ga shi bututun gas bai kai gare su ba, sai mai ko gas na tukunya ko itace. Maigida kan zo da niyyar canza injin ɗumama gida. Mu kuwa rufi muke fara hawa, domin ɗumama gidan da ke yoyon zafi zuba ruwa ne a kwando.

Iska mai ɗumi sama take yi, kuma gidan da ba a shimfiɗa wa komai a kan silin ba yana asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗuminsa ta nan. Muna shimfiɗa audugar gilashi, wato wani abu mai kama da auduga da ake yi da zaren gilashi don tare zafi, kauri santimita 27 zuwa 30, hawa biyu: santimita 10 a tsakanin katakan silin, sauran kuma a gicciye a kansu, don katakon kansa kada ya zama hanyar fitar zafi. Ba a danne ta. Iskar da ke maƙale cikin zarenta ita ke tare zafin, idan aka jibga akwatuna a kai an kashe aikin. A bakin rufi muna barin tazarar kamar santimita 5 iska ta riƙa ratsawa. Ƙarƙashin tankin ruwan da ke cikin rufi ba ma sa komai, gefensa da samansa muke naɗewa tare da bututai, saboda bayan aikin sararin rufin zai fi da sanyi, kuma bututun da aka bari tsirara yana iya daskarewa ya fashe.

A nan ne 'yan kwaikwayo ke ɓata mana suna. Su zo da farashi mai rahusa, su cusa auduga har ta toshe bakin rufi, ko su fesa kumfar tare zafi a jikin katako su tafi. Tururin girki da na wanka ya hau ya tarar da sanyi, ya zama raɓa, ba shi da mafita. Kafin a ankara katako ya yi baƙi da fumfuna, idan ka soka masa ƙusa sai ta nutse ba gardama. Haka suke yi wa bangon dutse ko na tsohon bulo: su shafe shi da siminti, danshi ya rasa hanyar fita. Irin wannan bango shafen farar ƙasa yake so, mai barin danshi ya wuce. Jiƙaƙƙen bango kuwa ya fi busasshe zubar da ɗumi.

Neman kafofin iska aikin haƙuri ne, kuma tun farkon koyo wanda ya koya min sana'ar ya dage cewa da bayan hannu ake laluben su a ranar da ake iska. Ƙasan ƙofa, gefen taga, ramin makulli, inda bututu ya huda bango, murfin shiga rufi. Roba mai manne ga taga, burushi ga ƙasan ƙofa. Amma kafar da aka bari domin murhu ba ma taɓa ta ko maigida ya roƙa, domin wutar da ta rasa iska tana fitar da kabon monoksayid, gubar da ba ta da wari. Kowane gida mai murhu muna sa masa na'urar gargaɗi.

Masu ƙona itace su lura: ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, wutar sai ta ƙare wajen busar da shi, ta bar kwalta a bututun hayaƙi. A faskara, a jera a ƙarƙashin rumfa iska na ratsawa shekara ɗaya zuwa biyu, har danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100.

Sai an gama waɗannan muke auna girman injin da gidan ke bukata, kuma sau da yawa ƙarami ya wadatar. Injin da ke jawo ɗumi daga iskar waje yana ba da ɗumi kusan ninki uku na lantarkin da ya ci, amma ruwan da yake turawa ta bututai ya ɗumama ɗakuna ba ya zafi sosai, digiri 35 zuwa 45 ne, don haka a gidan da ba a toshe ba ɗakuna ba za su kai digiri 18 ba sai an ƙure shi, kuɗin wuta kuma ya haura.