Laraba, gabana na ta faɗuwa

Tun kafin in sauko daga gado gabana ke faɗuwa, alhali ba abin da ya faru. Ban yi mugun mafarki ba, ban ji mummunan labari ba. Haka na shirya na tafi aiki, ƙirjina a cushe.

A ofis na kasa kunne, sai na ji damuwa a bakin kowa. Wanda aka taka wa ƙafa ya ce "ba damuwa". Wata ta ce mai yawan kiran wayarta ya dame ta. Mai jiran sakamakon jarrabawar ƙarin girma kuwa cewa ya yi zullumi ya hana shi barci. Shi na ji tausayinsa, amma nasa na da ranar ƙarewa, sakamako na fitowa shi ke nan. Nawa ba ya jiran komai. Da na ɗan faɗa wa abokiyar aikina, sai ta ce, "Haba, ki cire damuwa a ranki mana," sai ka ce takalmi ne. Don alheri ta faɗa, duk da haka raina ya sosu.

Da yamma Yaya ta kira. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta da sanya. Ta ce jikina ne ke shirin gudu ba tare da an biyo ni ba: sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya jiƙe, ciki ya murɗa don an janye masa jini zuwa tsoka. Kowa na jin haka wani lokaci. Amma in fargaba ta cinye mafi yawan ranakun mutum har wata 6, ta hana barci da aiki, to likitoci ciwo suke ɗaukarta, kuma tana da magani. Ta ce a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 mutum miliyan 301 ke fama da ita, mata sun fi yawa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun kulawa.

Na ce, "Yaya, nawa bai kai nan ba."

Ta ce, "Yaushe rabonki da barci mai kyau?"

Na yi shiru. Gobe zan nemi ranar ganin likita. Ta ce in ban kira ba, ita za ta kira.