Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tankin da Babu Komai a Cikinsa

A makon jiya na tsaya ne a inda na sauka tashar Tawa cikin damanar 2011, bayan shekara uku ina aikin walda a Hasi Masa'ud ta ƙasar Aljeriya. Ban cika kwana goma a gida ba na koma rumfar maigidana, mutumin da ya kama hannuna tun ina ɗan shekara 14 ya nuna mini yadda ake tada wuta a bakin baget, wato sandar walda, kuma a can ne muka sami saɓani na farko tsakanina da shi.

Kafin in shiga labarin, wajibi ne in ba maigida haƙƙinsa. Duk yawon da na yi ban ga wanda ya fi shi iya ɗinke tanki ba. Shi ne ya koya mini cewa yoyo ba ya cika fitowa daga tsakiyar layin walda, sai dai daga inda baget ya ƙare aka sa wani, saboda haka sai an kankare ɓawon wurin an gurje shi, sannan a koma baya kaɗan a hau kan tsohon layi. Idan ya gama sabon tanki, yakan dama alli ya shafe bayan ɗinkin, ya jira ya bushe, sannan ya shafa kananzir ta ciki. Kananzir yana bin ƙofar da ido ba ya gani, kuma duk inda ya ratsa sai allin ya yi tabo. Da na je Aljeriya na tarar suna fesa jan ruwa da farin gari daga gwangwani don neman tsaga, sai na yi dariya a raina, domin dabarar maigida ce aka sa wa tufafin Turawa.

Abin da ban taɓa gani a gida ba shi ne takarda. A can ba a barin mutum ya taɓa injin walda sai an gwada hannunsa, an lanƙwasa ƙarfen da ya ɗinka ko an ɗauki hotonsa a ga cikinsa. Ni sau biyu aka gwada ni, domin masu bin ƙa'idar Turai ba su karɓar shaidar ASME, wato ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka, a madadin tasu, kuma shaidar Amurkan takan mutu idan mutum ya yi wata shida bai yi irin wannan waldar ba. Hatta a kan gadin wuta ba su daidaita ba: dokar Amurka ta ce mai gadi ya tsaya aƙalla rabin awa bayan an kashe inji, shi kuwa shugabanmu, wanda a Faransa ya koyi aiki, awa biyu yake sa a yi ana zagaya wurin. Motar dakon mai ma haka, a Turai gwajin yoyo duk shekara uku ne, babban gwaji duk shekara shida, a Amurka kuwa gwajin yoyo kowace shekara, na matsi duk shekara biyar. Da farko na ɗauka neman wahala ne kawai. Amma duk bambancinsu akwai abu ɗaya da ban ji sun saɓa a kansa ba, wato ba a kai wuta jikin tankin da ya taɓa ɗaukar mai sai an wanke shi, an auna iskar cikinsa da na'ura, wani babba ya sa hannu.

To ranar wata Laraba wani Alhaji mai sayar da mai ya kawo tanki mai cin lita 5,000, ya tsage wajen taƙi guda a gindi. Ya ce an zazzage shi tun shekaranjiya, babu ko ɗigo a ciki. Maigida ya leƙa, ya shinshina, ya ce a jawo mota a zura tiyo daga bututun hayaƙinta zuwa cikin tankin na ɗan lokaci, kamar yadda aka saba, sannan in hau aiki.

Na durƙusa na ce, "Maigida, ka yi mini haƙuri, wannan tankin ba zan sa masa wuta haka ba."

Rumfar ta yi tsit. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, shekara talatin ina wannan aiki. Ko Larabawa sun ba ka wani ido ne da ni ba ni da shi?"

Na ce ba ido suka ba ni ba, lissafi ne. Ruwan fetur ba shi ne ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska, daga kashi ɗaya da rabi zuwa wajen kashi bakwai cikin ɗari. A tanki irin wannan, abin da bai kai rabin lita ba ya isa ya cika shi da wannan gauraye, kuma fiye da haka yana maƙale cikin tsatsa da dattin gindi, yana jiran zafi ya tashe shi. Tururin ya fi iska nauyi, don haka buɗe murfin sama ba ya fitar da shi. Hayaƙin mota kuwa ba wanda ya san yawan iskar da ke tare da shi, wani lokaci ma da ragowar man da bai ƙone ba yake fitowa. Ba mu da na'urar awo, ba mu da tukunyar tururi, abin da muke da shi ruwa ne kawai.

Nan fa Alhaji ya tashi. Duk wanda ya san Tawa ya san lita 5,000 na ruwa ba abin wasa ba ne, ga kuɗin ƴan garuwa, ga yini guda da zai tafi a banza. Ya ce wa maigida yaronsa ya dawo da girman kai, kuma akwai masu walda a bakin hanyar Ƙonni da za su gama masa kafin azahar. Gaskiya ya faɗa, akwai su. Ƙasarmu tana da dokar aiki da masu binciken wuraren aiki, amma ni tun da nake ban taɓa ganin ƙafarsu a rumfar bakin hanya ba, kuma idan tanki ya tashi da yaro, abin da ake cewa shi ne kwanansa ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma ban yarda ita ce ta zura tiyon ba.

Maigida ya daɗe bai ce komai ba. Daga bisani ya ce wa Alhaji a cire kuɗin ruwan daga ladan aikin, ya juya ya shige gida ba tare da ya dube ni ba.

Muka wanke tankin sau biyu da ruwan sabulu, muka mirgina shi tsagar ta koma sama, muka cika shi har ruwa ya kusa taɓa wurin, muka bar kafar shan iska a buɗe. Na huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya, na gurje bakinta, na bi layin farko da baget mai kaurin milimita 2.5, na rufe da mai 3.2. Bayan an zubar da ruwan muka hura iska kaɗan, domin iska mai yawa ita kanta tana fasa tanki, muka bi ɗinkin da kumfar sabulu. Ko ƙwaya ɗaya ba ta taso ba.

Ana kiran magariba maigida ya fito da fitila, ya bi layin da ɗan yatsa daga farko har ƙarshe, ya tsaya a inda na sauya baget ya ƙara dubawa. Abin da ya rage na ladan bayan kuɗin ruwa jikka huɗu ne, ya ba ni biyu, ya ce gobe in zo da wuri. Sai da muka yi mako uku gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, kuma a cikin makonnin nan ne wani ɗan uwan mahaifiyata ya aiko daga Yamai cewa ana neman masu walda da ke da takarda, wanda shi ne labarin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.