Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Yadda Gara Ta Zama Editata

Makon jiya na tsaya a inda kamfanin ɗab'i na uku ya dawo mini da labarina, haɗe da 'yar takarda mai layi biyu: sun gode, amma ba irin nasu ba ne. Shekara 2 da wata 4 na yi ina rubuta shi da biro, a littattafan rubutu guda 9, kuma su ɗin nake kaiwa, su ake dawo mini da su. Ban taɓa buga su a kwamfuta ba, ko hotonsu ban ɗauka ba. Ranar na ɗaure su da igiya, na cusa a kwali, na tura ƙarƙashin gado har sai da ya daki bango. Na ce wa kaina haƙuri nake yi, zan bari zuciyata ta huce. A gaskiya fushi nake yi, da na rasa wanda zan sauke wa sai na sauke shi a kan takarda.

Wata 11 kwalin nan yana wurin. Ba ma shi na je nema ba, wani takalmi ne ya shige ciki. Ina jan kwalin sai samansa ya biyo hannuna, gindinsa ya zauna a ƙasa. Ga hanyoyin jar ƙasa sun bi jikin igiyar, ga gara fari fat tana ta watsewa don haske ya taɓa ta. Mugun halinta ke nan, daga ciki take ci, ta bar maka bango lafiya lau. Na ɗaga littafi na farko, nauyinsa bai kai na ganye ba. Daga na 1 zuwa na 6 sun tafi. Uku na sama kaɗai suka tsira, wato ƙarshen labarin da ba shi da farko.

Cikin burbushin na tsinci wata 'yar takarda da ba ta fi tafin hannun jariri ba. Rubutuna ne: “ta juyo ta ce masa, ko da”. Sauran yana cikin gara. Na zauna a ƙasa ina ta juya ta. Ko da me? Ni na ƙirƙiri matar nan, ni na sa mata magana a baki, amma na kasa tuna abin da ta ce. A nan ne hawaye suka zo.

Bayan kwana uku na tafi wurin tsohon malaminmu na adabi, da ragowar a leda. Ya duba, ya girgiza kai, bai yi mini jajen da na zo nema ba.

“Zauna, ɗana. Ka san Thomas Carlyle?”

“A'a, Allah gafarta Malam.”

Ya ba ni labarinsa. A Landan, cikin 1835, Carlyle ya gama juzu'in farko na tarihin juyin juya halin Faransa, ya ba abokinsa John Stuart Mill ya duba masa. Mai aiki a gidan ta ɗauka tarkacen takardu ne, aka hura wuta da su. Mill da kansa ya zo da dare ya faɗa masa. Carlyle ya koma kan tebur ya sake rubuta juzu'in tun daga farko, littafin ya fito a 1837, juzu'i uku.

“To Malam, ai shi Carlyle ne.”

“Ranar da takardunsa suka ƙone, shi ma mutum ne da babu komai a hannunsa, kamar kai. Je ka sayi sabon littafi.”

Na saya. Na ɗora wa kaina shafi ɗaya kowace safiya kafin in fita aiki. Makonni biyun farko azaba ce, domin tsofaffin jimlolina nake farauta. In rubuta layi, in ji ba haka yake ba a da, in soke. Wata safiyar kalma 12 kacal na samu, na ma soke 5. Da na koma na yi wa Malam ƙorafi, cewa ya yi in daina neman abin da na rubuta, in tambayi kaina abin da ya faru da mutanen.

Daga nan hannu ya saki, ba da gudu ba dai. Abin da ya ba ni mamaki shi ne abin da na manta. Akwai wani kawun jarumar da na ɓata wa kusan shafi 40, ina ji da shi sosai saboda yana da baki. Sai da na kai babi na 8 na tuna da shi, labarin kuwa yana tafiya sumul, ba wanda ya tambayi inda yake. Haka doguwar siffantawar da na buɗe littafin da ita, wadda nake ganin ba a taɓa rubuta irinta ba. Na soma zargin cewa masu takarda mai layi biyun nan ba su zalunce ni kamar yadda na ɗauka ba, ko da yake har yau ina ganin da sun ƙara layi na uku sun faɗa mini dalili.

Wata 14 aikin ya ci. Littattafai 6 suka koma 4. Da na iso wurin da matar ta juyo, na ɗauko 'yar takardar nan na ajiye a gabana, na jira kwana biyu ko maganar za ta dawo. Ba ta dawo ba. Sai na bar ta ta juyo, ta dube shi, ta fita ba ta ce komai ba.

Wannan karon na buga shi a kwamfuta, na ajiye kwafi a wuri uku, na aika wa kamfani na huɗu. Amsarsu ta zo bayan wata 7, kuma shafi biyar ce cur. Abin da ke cikinta, sai mako mai zuwa.