Hantsi da abincin da bai bi ta masana'anta ba

Tun da na fara fita shan hantsi kafin in zauna aiki, barcina ya daidaita. Hasken safe ne ke saita agogon jiki, shi ya sa da dare barci ke zuwa a kan lokaci.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne bitamin D. Fatarmu ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, shi kuma yake taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam da ƙashi ke buƙata. Yaron da ya rasa shi, ƙafafunsa na iya lanƙwashewa. Zama a bayan taga ba ya wadatarwa, domin gilashi na tare hasken da ke yin wannan aiki, kuma mai duhun fata ya fi buƙatar jimawa a rana. Ba wai a tsaya har fata ta ƙone ba dai.

Abinci kuwa, na rage na gwangwani da na leda, na koma kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace kullum. Kasalar da ke kama ni bayan cin abinci ta ragu sosai.

Don Allah iyaye, ku riƙa barin yara su fita waje.